Mai Jimina: Baturen da ya raka sojoji ƙofar Kano, zazzaɓi ya kashe shi bayan shekara guda

Duk wanda ke bin hanyar Panshekara da safe ya san Challawa da manyan motocin fata, da warin jima, da ayarin ma'aikata masu sammakon shiga kamfani. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a bakin kogin da unguwar ta ci sunansa ne rundunar Turawan Ingila ta yi zangonta na ƙarshe kafin ta faɗa wa birnin Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903.

A cikin wannan runduna akwai wani matashin hafsa ɗan shekara 29, Kyaftin George Howard Fanshawe Abadie, wanda Zage-zagi suka laƙaba wa suna Mai Jimina. Shi ne Razdan na farko a lardin Zazzau, shi ya kama Sarki Kwasau, kuma rahotanninsa na cikin abubuwan da Gwamna Lugga ya kafa hujja da su wajen yaƙar Kano.

Ya fita daga wannan yaƙi lafiya lau. Amma shekara ɗaya da 'yan kwanaki bayan faɗuwar birnin, a watan Fabrairun 1904, zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Kano yana da shekara 30.

Yau sunansa na nan a rubuce a bangon babbar majami'ar Kantabari da ke Ingila. Mafi yawan waɗanda suka mutu a gefensa da waɗanda suka mutu suna kare garinsu daga gare shi kuwa, babu inda aka rubuta nasu.

Ɗan gidan soja

An haifi George Abadie a shekarar 1873, a gidan da aikin soja ya zama gado. Mahaifinsa, Henry Richard Abadie, ya shiga sojan Ingila a 1858. Ya halarci yaƙin Habasha na 1868, ya kuma yi yaƙin Afganistan na biyu a rundunar mahaya dawaki. Ya kai muƙamin Manjo Janar, ya shugabanci barikin mahaya na Kantabari, sannan ya riƙe tsibirin Jasi a madadin gidan sarautar Ingila daga 1900 zuwa 1904.

'Ya'yansa maza huɗu duk suka bi sawunsa: Harry, da George, da Eustace, da Richard. George ne na biyu, kuma ya riƙe muƙamin kyaftin a rundunar Manchester.

Lokacin da ya taso, Ingila da Faransa na rige-rigen mallakar ƙasashen da ke bakin Kwara. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron Afirka ta Yamma. Hafsoshinta Turawa ne, amma sojojin da ke riƙe da bindiga galibi Hausawa ne da Yarabawa. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lokoja, aka shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyarta.

Shelar a takarda kawai take. Sakkwato da Kano da Katsina da Zazzau na ci gaba da mulkin kansu kamar yadda suka saba. Lugga ba shi da kuɗi sosai, ba shi da isassun ma'aikata. Don haka ya dogara ga 'yan tsirarun matasan hafsoshi da za su iya haɗa aikin soja da na mulki. Abadie na cikin waɗanda ya fi amincewa da su.

Yadda ya zama Razdan na Zazzau

Ƙofar Zazzau ta buɗe wa Turawa ne ta dalilin rikicin cikin gida. A farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kwantagora da Bida. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya tsere daga Kwantagora da mayaƙansa, ya shiga ƙasar Zazzau yana kai hare-hare kan ƙauyuka.

Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau, wanda ya hau gado a 1897, ya rasa yadda zai yi da shi. Daga ƙarshe ya nemi taimakon Turawa. A farkon 1902 suka zo, suka kama Nagwamatse. Da aiki ya ƙare ba su koma ba. Suka kafa sansani a Zariya, suka mayar da ƙasar lardi, aka naɗa Abadie Razdan.

A nan ne sunan Mai Jimina ya bi shi. Al'adar Hausawa ce su raɗa wa Bature suna daga abin da suka gan shi da shi, ko halinsa, ko aikinsa. Haka Dokta Cargill, Razdan na farko a Kano, ya zama Mai Gunduma, Kyaftin Phillips na Haɗejia ya zama Mai Tumbi, Hanns Vischer mai makarantar Nasarawa ya zama Ɗan Hausa, daga baya kuma Gwamna Sharwood-Smith ya zama Mai Wandon Ƙarfe.

Zaman Sarki da baƙon da ya gayyato bai yi daɗi ba. Abadie ya zargi Kwasau da ci gaba da kamun bayi, da kuma haɗa baki da Kano a ɓoye. A watan Satumban 1902 ya kama shi, aka tafi da shi Wushishi. Galadiman Zazzau ya riƙe gari na 'yan watanni, kafin a naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903.

Sarkin da ya kira Turawa su raba shi da maƙiyi, bai cika shekara ba suka raba shi da gadonsa. Sauran sarakunan daular Usmaniyya sun ga abin da ya faru, kuma sun fahimci abin da ke tafe.

Daga Zariya zuwa Challawa

Ranar 3 ga Oktoban 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan ɗin da ke can. Ya gudu zuwa Kano, Sarki Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓe shi da girmamawa.

Zariya ce sansanin Turawa mafi kusa da Kano, don haka kunnen Lugga a wannan yanki shi ne Abadie. Daga wajen fatake da 'yan leƙen asiri ya riƙa tattara labarin hanyoyi, da garuruwa masu ganuwa, da shirin da Kanawa ke yi. Rahotannin da suka fito daga Zariya sun nuna cewa Alu na shirin kawo wa sansanin hari.

Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja. Ma'aikatar mulkin mallaka a Landan ba ta so a buɗe sabon yaƙi ba, domin ba a daɗe da gama na Afirka ta Kudu ba, amma ta tarar shiri ya yi nisa. Masana tarihi na baya, ciki har da D.J.M. Muffett, tsohon jami'in mulkin mallaka da ya wallafa littafi kan wannan yaƙi a 1964, sun nuna shakku kan hujjojin da Lugga ya gabatar. Abin da ya tabbata shi ne, a farkon Janairun 1903 Alu ya bar Kano da mahaya kusan 2,000, kuma Sakkwato ya nufa don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a.

Ranar 29 ga Janairu runduna ta tashi daga Zariya ƙarƙashin Kanar Thomas Morland. Tana da hafsoshi Turawa 24, da sojoji baƙar fata 722, da igwa huɗu, da bindigogi masu sarrafa kansu samfurin Maxim guda huɗu, ga kuma ɗimbin 'yan dako. Abadie ya bi su a matsayin jami'in siyasa, wato wanda zai yi magana da masu gari.

Ranar 1 ga Fabrairu Bebeji ta ƙi buɗe ƙofa. Harsashin igwa ya fasa ta, sarkin garin ya rasa ransa. Garuruwan da ke gaba ba su tsaya ba. A bakin kogin Challawa, kimanin kilomita 10 daga birni, rundunar ta yi shinge ta bar kaya da 'yan dako, sannan ta doshi ganuwa.

Ganuwar Kano ta ba su mamaki. Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Igwa ta kasa yi mata komai a ƙofar da suka fara gwadawa, sai suka zagaya Ƙofar Kabuga, suka samu suka fasa, suka kutsa ciki.

Sarkin Shanu, wanda Alu ya bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan sarki da 'yan mutanen da suka rage masa har aka kashe shi. Ɗaruruwan Kanawa suka mutu a ranar. A ɓangaren Turawa ba a kashe kowa ba, sai 'yan raunuka.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A ƙarshen Fabrairu aka kashe Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. A watan Afrilu aka naɗa Wambai Abbas Sarkin Kano. Ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Alu kuwa aka kama shi a ƙasar Gobir, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926.

Abadie ya samu lambar girmamawa ta CMG, wadda ba kasafai ake bai wa mai shekarunsa ba. Duk alamu sun nuna babban muƙami na jiran sa a gaba.

Abokin gabar da igwa ba ta kashewa

A watan Fabrairun 1904 ciwo ya kama shi a ƙasar Kano. Bayanan rasuwarsa sun kira ciwon mugun zazzaɓi, sunan da likitocin wancan zamani suka fi bai wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Lugga ya yi jimamin rashinsa ƙwarai.

A lokacin yaƙin mamaye Arewa bai ƙare ba, domin sai a 1906 aka yi na Satiru da na Haɗejia. Amma a duk waɗannan shekaru, abin da hafsan Bature ya fi tsoro shi ne zazzaɓi da atuni, fiye da kibiya da mashi.

Tsoron ya daɗe. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa da ya ziyarci Kano a 1824, ciwon ciki ne ya kashe shi a Sakkwato a watan Afrilun 1827. Ayarin jiragen ruwa da Ingila ta turo Kwara a 1841 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan da ke cikinsa. Sai a 1854 Dokta William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai yana bai wa mutanensa kwinin kullum, ya fita ba tare da ya rasa ko ɗaya ba.

A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar cutar. Wato lokacin da Abadie ya kwanta ciwo, ilimin bai wuce shekara bakwai ba. Kwinin na rage haɗari, amma ba ya kawar da shi, musamman ga wanda ke kwana a daji yana rangadi a kan doki, nesa da likita.

Gidan su Abadie ya riga ya ɗanɗana irin wannan rashi. Yayansa Harry, hafsan mahaya dawaki, zazzaɓin taifot ne ya kashe shi a Afirka ta Kudu a 1901. A wancan yaƙi Ingila ta rasa sojoji kusan 22,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su.

Abin da ya haɗa zazzaɓin da Bompai

Mutuwar matasan hafsoshi irin Abadie ta bar alama a taswirar Kano har yau.

Da aka gane aikin sauro, likitocin mulkin mallaka suka ba da shawarar a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Tunaninsu shi ne, yaran 'yan ƙasa na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, kuma sauro ba ya tafiya mai nisa. Saboda haka aka kafa ƙa'idar barin fili na yadi 440, kusan mita 400, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta kowa. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ƙarfafa wannan tsari.

A Kano, Turawa ba su zauna cikin birni ba. Barikinsu da ofisoshinsu da gidajensu suka tafi Bompai da Nasarawa, a wajen ganuwa ta gabas. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kamfanonin sayen gyaɗa da fata suka biyo shi, Sabon Gari ta tashi domin baƙin ma'aikata.

Inda aka fara kai titi da layin dogo, nan masu jari suka fi son kafa masana'anta. Shi ya sa Bompai ta zama rukunin masana'antu na farko a Kano, kafin Sharada da Challawa su biyo baya a kudancin birni, tsakanin ganuwa da kogin da rundunar Morland ta yi zango.

Tsarin ya kare Turawa gwargwado, amma bai taɓa sauron da ke cikin birni da ƙauyuka ba. Ruwan famfo ma sai a farkon shekarun 1930 ya shiga Kano daga Challawa, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e. Har yanzu rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. Ma'aikacin da ya kwana gefen kwata a Sharada ya wayi gari da ciwon kai da rawar ɗari, ciwon da ya fi kashe Turawan mamaya ne ke damun sa.

Gidan da yaƙi ya cinye

Bayan Harry da George, sauran biyun ma ba su tsira ba. Manjo Eustace Abadie ya mutu a fagen daga a Beljiyam a watan Oktoban 1914, watanni kaɗan da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifinsu ya rasu a watan Mayun 1915, bayan ya ga mutuwar 'ya'yansa uku. Autansu, Laftanar Kanar Richard Abadie, an kashe shi a gaɓar tekun Beljiyam a watan Yulin 1917.

Biyu cuta ta kashe, biyu makami. Allon tunawa da ke majami'ar Kantabari ya haɗa uban da 'ya'yan huɗu wuri guda. Eustace da Richard kuma sunayensu na kan gine-ginen tunawa da sojoji a Beljiyam, ƙarƙashin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda aka kafa a 1917.

Wa ake tunawa, wa aka manta?

Mutum zai iya zama a Kano da wayarsa ya gano shekarar haihuwar Abadie, da rundunarsa, da lambar yabonsa, da sunayen 'yan uwansa. To, ya gwada neman sunan ko da goma daga cikin sojoji 722 da suka fasa Kabuga, waɗanda da yawansu Hausawa ne. Ko na 'yan dakon da aka bari a Challawa. Ko na ɗaruruwan da suka faɗi a kan ganuwa. A rahotannin Turawa, adadi kawai suke.

Wannan bambanci bai tsaya a 1903 ba. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar kaburburan yaƙin ta kafa ya gano cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu suna yi wa Ingila hidima a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, kuma adadin zai iya kai wa 350,000. Galibinsu 'yan Afirka ne da Masar. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa. 'Yan Arewa na cikin waɗanda aka kai yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka, inda cuta ta kashe sojoji da 'yan dako fiye da bindiga.

Sai dai ba duka laifin ke wuyan Turawa ba. Mu ma muna da namu hanyoyin adana suna: kirari, da waƙa, da laƙabi, da tarihin da kakanni ke faɗa wa jikoki. Ta wannan hanya ce sunan Sarkin Shanu da na Waziri Ahmadu suka iso gare mu, kuma ta ita ce Mai Jimina ya zauna a bakin Zage-zagi bayan sunansa na yanka ya ɓace musu. Amma tarihin baka yana tafiya ne da masu shi, kuma tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa.

Ƙyauren Ƙofar Kabuga na ajiye a gidan tarihi na Gidan Makama, inda ɗalibai ke zuwa su gani. Ranar 15 ga Janairun kowace shekara Najeriya na tunawa da sojojinta da suka kwanta dama. Ranar 3 ga Fabrairu kuwa takan zo ta wuce kamar kowace rana, dubban motoci su ratsa Kabuga, ma'aikata su shiga Challawa su fito.

Ba sai an kashe miliyoyi ba. Allo ɗaya a Kabuga da wani a bakin Challawa, masu bayanin abin da ya faru da Hausa, sun isa su fara aikin. Sassan tarihi na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, tare da masarautun Kano da Zazzau, na iya tattara sunayen da suka rage a gidajen sarauta da zuri'o'in bayin sarki kafin su salwanta. Kamfanonin da ke cin arzikin Bompai da Sharada da Challawa ma ba za su rasa abin da za su saka ba.

Abadie ya zo da ƙarfin mamaya, ya tuɓe sarki, ya taimaka aka ci birni, kuma bai kai shekara biyu yana mulkin Zazzau ba ya mutu. Danginsa da ƙasarsa sun rubuta sunansa don kada ya ɓace, kuma bayan fiye da shekara 120 bai ɓace ba. Mutanen da suka tare shi a bakin ganuwa ranar 3 ga Fabrairun 1903 su ma suna da jikoki, kuma a Kano suke zaune.